Kalmar da Ta Tsayar da Allurar Usta Hamdi

Lahadi, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Da safe Madam Dalia ta ajiye mini takardu uku a kan tebur, ta ce, "Ustaz Sada, wannan naka ne. Mai aikin ya ce kai kaɗai yake so ka taɓa shi." Shekara goma sha tara ina fassara a ofishinta na Wustul Balad, tsakiyar birni, takardun aure da na saki da na mutuwa, ba a taɓa cewa ni kaɗai ake so ba. Tun daga nan na san akwai lauje cikin naɗi.

Na duba ƙasan wasiƙar. Zubairu ne. Ɗana, in ji takardar haihuwa.

A garin da yake zaune, can ƙuryar arewacin Kanada inda ƙasa ta ƙare sai ƙanƙara, an gina ɗakin taro na unguwa, dattawan garin suka zauna suka fitar wa ɗakin da tambari. Suna so a ɗinka tambarin a tuta mai tsawon mita uku, ɗinkin hannu irin na masu rumfuna a titin Khayamiyya. Ranar 21 ga Yuni za a buɗe ɗakin. Samar, ƙanwar Madam, za ta tashi zuwa Kanada ranar 15 ga watan, ita za ta tafi da tutar. In aka wuce ranar, khalas, shi ke nan. Nawa aikin shi ne in juya bayanin tambarin daga Turanci zuwa Larabci, don mai ɗinki ya san abin da yake ɗinkawa.

Shekara bakwai babu wasiƙa. Yau ga wasiƙa, kuma ofis aka aiko wa.

Litinin, 22 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Tambarin garkuwa ce, an raba ta biyu da farin layi mai lanƙwasa, wai kogi ne. Ƙabilu biyu ne a garin, waɗanda suka riga Bature zama a wurin: Inuit na bakin teku, da Gwich'in na kogi da daji. Kowa an ba shi rabinsa. Rabi ja ne, da wata irin barewa mai ƙaho kamar reshen busasshiyar bishiya, karibu suke ce mata. Rabi shuɗi ne, da duwatsu shida da aka ɗora kan juna: biyu a tsaye kamar ƙafafu, biyu a kansu, doguwa a gicciye, ƙarama a sama. Sunansa inuksuk. A saman garkuwar akwai wuƙar mata mai siffar rabin wata. Gefe duka furanni ne, irin waɗanda matansu ke yi da ƙananan ƙwayoyin ado a kan takalman fata.

Na ƙirga kalmar girmamawa a cikin bayanin. Sau bakwai. Don girmama kakanni, don girmama tsofaffi, don girmama barewa.

Yaron da ya sauke Alƙur'ani a gabana yana ɗan shekara goma sha ɗaya, shi ne ya aiko mini da mutumin dutse in sa masa Larabci. Ko gwada ni yake yi, ko dariya. Ina ganinsu zaune da matar can da ya aura, suna hasashen fuskata.

Kafin azahar na gama. Na miƙa wa Badamasi ya buga a na'ura, tunda idona ba ya son hasken gilashin. Badamasi mutumin Gusau ne, teburinsa na kallon nawa, 'ya'yansa uku, yana rubuta digirin dakta. Digirin da ni aka hana ni shekara talatin da suka wuce.

Laraba, 24 ga Mayu, da hantsi

Zafi. Metro ta cika. Ban yi tunanin komai ba.

Alhamis, 25 ga Mayu, bayan magariba

Mai ɗinki ya ajiye allura.

Usta Hamdi sunansa, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a nan. Madam ta kira mu ɗakinta, ni da Badamasi, ta rufe ƙofa. Ta ce ya riga ya huda takardar zanen, ya barbaɗa garin gawayi, zanen ya fito a kan yadi, har ya yi nisa da barewar. Jiya ya zauna ya karanta takardarmu. Ya ce shekara arba'in yana ɗinka tsuntsaye da raƙuma da jiragen fir'auna ga baƙi, ya bar wa Allah hukuncin wannan, amma hannunsa ba zai ɗinka abin da ake yi wa sujada ba.

"Wa ya ce ana yi masa sujada?" in ji Madam. "Na tambaye shi. Ya ce takardarku ta ce sanam."

Sanam dai gunki ke nan. Ta dube ni, ta dubi Badamasi.

Na ce mata rubutun hannuna ya bi ta na'urar wani kafin ya isa Khayamiyya. Ban kama sunan kowa ba. Badamasi bai ɗago kai ba. Mai gaskiya ai ɗagowa yake yi.

Juma'a, 26 ga Mayu, bayan an sauko

A ƙofar masallacin unguwar Hay el-Sabi' ɗalibai sun gaishe ni fiye da yadda suka saba. Har wani ya gyara mini takalmi. Badamasi ya ratso mutane ya rusuna, "Baba Malam, an sauko lafiya?" Duk wanda ya yi maka irin wannan ladabi a gaban jama'a, shaidu yake tarawa.

Lahadi, 28 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Na nemi daftarin da na rubuta da hannu. Babu a aljihun tebur, babu a jaka, babu a kwandon shara. Na tambayi mai gadin bene ko an kwashe shara ranar Alhamis, ya ce kullum ake kwashewa, ya Ustaz. Ya yi murmushi. Me ya ba shi dariya?

Da Madam ta fita, Badamasi ya jawo kujera kusa da ni.

"Baba Malam, na ɗan bincika. Ba bauta masa suke yi ba. Alamar hanya ce. Ƙasar ba bishiya ba tudu, komai fari fat, sai su tara duwatsu don mai tafiya ya san inda za shi, ko inda aka ajiye nama."

Na ce, "Ka je can ne?"

Ya ce, "Ai kai ma ba ka je ba, Baba Malam." Ya faɗe ta a hankali, kamar mai zuba shayi.

Na ci gaba da laluben aljihun tebur. Da ya ga haka sai ya ƙara, "Kuma matar Zubairu ba ta cikin mutanen duwatsun. 'Yar Gwich'in ce, mutanen barewa. Furannin gefen nan, daga takalmin da kakarta ta yi aka kwaikwayo su."

Na ce wa ya tambaye shi labarin matar wani. Sai da ya koma teburinsa tambayar da ta kamata ta zo mini: shi ina ya san takalmin kakarta? Wannan ba ya cikin takardu ukun. Na karanta su sau huɗu, babu.

Suna waya ke nan. Tun yaushe?

Lahadi, bayan magariba

Mutanen barewa. To, me ya dame ni.

Litinin, 29 ga Mayu, da yamma

Kukata ta ƙare, na shiga mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa unguwar Ard al-Liwa wurin Hajiya Azara. 'Yar Agadas ce, tana sayar da kuka da daddawa da kilishi a falonta, mahaifinta madugu ne na ayarin gishiri. Hoton zanen yana cikin jakata, ba da niyya ba. Da na zo fitar da leda sai ya faɗo.

Ta ɗauka ta kai shi kusa da fuska. "Wannan kuma hwa? Mutanen ƙanƙara ma suna tara duwatsu?"

Na ce wasu na cewa gunki ne.

Ta yi dariya har da buga cinya. "Gunki! Malam Sada, wa ya hwaɗi maka? Mu a hanyar duwatsun Ayar, inda hanya ta rabu ko inda rijiya ta kusa, haka ake tarawa. Kowa ya wuce ya ƙara nashi ɗaya. Babana ya taɓa kwana ukku ba ruwa, raƙuma biyu sun hwaɗi, da ya hango irin wannan sai ya duƙa yana kuka. Allah ya gode ma, ba dutse ba. Kai da karatunka! Mu jahilai mun sani, ku na Azhar ba ku sani ba?"

Na ce ba ni na faɗa ba.

"To madalla," in ji ta. "Wanda ya hwaɗa, ka ce mai Azara ta ce ya tai daji ya ɓace sau ɗaya, ya dawo mu yi magana."

Ta ƙara mini daddawa biyu. Badamasi ma nan yake sayen kilishi. Dariyar tata ta zo da wuri, kamar wadda aka riga aka ba labari.

Talata, 30 ga Mayu, ƙarfe ɗaya

Madam ta je Khayamiyya da kanta, ta ce wa Usta Hamdi kuskure ne aka yi. Ya ce mata ma'alish, ta yi haƙuri, ita mai ofis ce, amma takardar daga hannun shehin Azhar ta fito, kuma maganar baki ba ta goge rubutun malami. Wanda ya ɗaura shi zai kwance. Ya ce rabin shuɗin nan da furanni kwana goma sha huɗu za su ci, yanzu ma an makara.

Ta ce, "Ustaz, je ka same shi."

Na ce in na je, na yarda ni na rubuta ke nan.

Ta cire tabarau ta ajiye. "Ni ban damu da wanda ya rubuta ba. Ranar Alhamis in ba a ci gaba ba, zan rubuta wa ɗanka in ce aikin ba zai yiwu ba. Zai tambayi dalili, ni kuma ba na yi wa mai aiki ƙarya. Zan aika masa da takardar yadda take."

Zubairu ya yi shekara uku a Azhar kafin ya watsar. Ba ya bukatar kowa ya fassara masa sanam.

Laraba, 31 ga Mayu, bayan asuba

A watan nan rana ba ta faɗuwa a garinsu. Haka na karanta. Gari babu magariba. Na taɓa so in tambaye shi da wane lokaci yake salla, sai na ga in na tambaya zai ce tuhuma ce. Da ma tuhumar ce.

Shekarar da aka binne matata Mardiya, mahaifiyarsa, bai samu zuwa ba. Ya ce takardun zama ne suka riƙe shi. Uwa ce fa. Na faɗa masa wata magana a waya ranar uku, game da shi da matar da ya aura. Ba zan rubuta ta a nan ba. Ita da wannan kalmar ta sanam uwarsu ɗaya.

Laraba, ƙarfe uku

Na dawo daga sallar azahar na tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙamusuna. Daftarin ne.

Badamasi yana buga wani abu, bai daina ba, ya ce, "Ni na ɗauke ranar Alhamis, kada Madam ta gani. Na ga kana ta nema, na ce gara ya koma wurin mai shi."

Na ce, "Me kake so in ba ka?"

Ya ce, "Babu komai, Baba Malam. Da na buga na ga kalmar, na ce kai ka fi ni sani, shi ya sa ban taɓa ta ba. Laifina ke nan."

Rubutun yana da kyau. Harafin sadi a cike, cikinsa a zagaye, irin yadda ake koya mana da alƙalamin kara. Mutum ɗaya ne ke yin sadi haka a ofishin nan. Babu gogewa a layin, babu alamar hannu ya yi jinkiri.

Larabawa suna da kalmar tarin duwatsun hanya. Rujm. Na san ta tun ina ɗan shekara ashirin, na haddace baitoci biyu da take ciki. Ranar Litinin ɗin can ma na san ta.

Laraba, bayan la'asar

Kuma ma masu duwatsun ba mutanen matar tasa ba ne. Na jefi wanda bai yi mini komai ba.

Alhamis, 1 ga Yuni, bayan magariba

Na sauka a tashar Ataba na taka da ƙafa har Bab Zuwaila, bakin Khayamiyya, don in samu lokacin fasawa. Ban fasa ba.

Usta Hamdi tsoho ne kamar ni, gajere, yana zaune a kan dakalin shagonsa ya tanƙwashe ƙafa. Tutar na ninke a bayansa. Barewar ta fito, ja da ruwan zinariya, kamar za ta yi tsalle. Ɗaya rabin shuɗi ne fayau, sai ɗigon gawayi.

Ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu. "Ahlan ya Maulana! Allah ya saka maka, ka tsamo ni daga wuta. Shayi ga shehi!"

Na ce ya dakata da shayin. Na ce abin nan ba sanam ba ne, rujm ne, alamar hanya, babu mai yi masa sujada.

Ya saki hannuna. "To wa ya rubuta sanam?"

Maƙwabcinsa na dama ya daina ɗinki. Na hagu ma haka.

Na ce, "Ni."

Ya daɗe yana dubana. "Kwana takwas ina istigfari saboda na barbaɗa wa gunki gawayi. Matata ta ce na rame." Ya juya ga maƙwabcin, "Ka ji, ya Fathi? Shehi ne ya yi tuntuɓe da dutse." Duk layin suka kwashe da dariya. Sannan ya rage murya, "Kuskure ne, ko kuwa?"

Na ce abin da ya nema shi ne in kwance, ga shi na zo kwancewa.

"Tamam. Amma da rubutu ka ɗaura, da rubutu za ka kwance. Ka sa sunanka da na mahaifinka. Zan liƙa a bango, don duk wanda ya ji na ɗinka gunki ya zo ya karanta."

Na rubuta a kan gwiwata. Ni Sada ɗan Harun, mai fassara, na shaida cewa siffar da ke cikin wannan aiki alamar hanya ce ta mutanen arewa mai nisa, kuma kalmar da na sa mata da farko ba daidai ba ce, daga gare ni take. Ya karanta a bayyane, da ƙarfi, ya liƙa ta daidai tsayin idon mai wucewa.

Ya ce, "Saura kwana goma sha uku, ni kuma hannuna biyu ne. Ka iya almakashi, ya Maulana?"

Asabar, 3 ga Yuni, da yamma

Ni ke yanka, shi ke ninke baki yana ɗinkewa. Na ɓata dutse biyu. Ya ce dutsena ya yi santsi kamar burodi, dutse ai yana da kusurwa.

Talata, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Madam ta ba ni hutun rabin rana kullum, ba ta tambayi komai ba. Ta sani. Badamasi ya rantse bai gaya mata ba. Rantsuwa ba ta da wuya.

Ɗalibai biyu Hausawa sun wuce ta gaban shagon, suka tsaya wai kallon matasan kai. Idon ɗaya na kan bango. Daga Hay el-Sabi' zuwa Khayamiyya tafiyar awa guda ce, ba a yin ta don matashin kai.

Alhamis, 8 ga Yuni

Babban yatsana ya kumbura.

Lahadi, 11 ga Yuni, ƙarfe biyar

Duwatsun sun tsaya. Mun shiga furanni, guda arba'in da huɗu, kowanne da ganye biyar ƙanana kamar farce. Usta Hamdi ya riƙe hoton yana juyawa, ya ce wadda ta fara fitar da furannin nan ta san hannunta, dubi yadda ba ta sa ja kusa da ja ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Ka san ta?"

Na ce kakar surukata ce.

Ya ajiye allura. "Aikin gidanku ne? Kwana goma kana zaune a nan ba ka faɗa ba?" Ya dubi takardar bango, ya dube ni, bai ƙara magana ba har muka tashi. Gara dariyar ranar farko.

Alhamis, 15 ga Yuni, da azahar

Jiya da la'asar ya ɗaure zaren ƙarshe. Samar ta zo da akwati, aka ninke tutar gida takwas. Ta tafi.

Na ce wa Usta Hamdi tunda aiki ya ƙare sai a cire takardar. Ya ce ta yi wa bangon kyau.

Laraba, 21 ga Yuni, da yamma

Yau ne. Wayata a cike take da caji. Ba don komai ba.

Alhamis, 22 ga Yuni, ƙarfe bakwai saura

Zubairu ya kira da ƙarfe shida, ina yanka albasa. A wurinsu safiya ce. Muryarsa ta yi kauri. Akwai hayaniyar mutane a bayansa da ƙarar cokula.

"Baba, ina wuni."

Na ce lafiya.

Ya ce an rataye ta. Ya ce tsofaffin ɓangarorin biyu sun zo sun shafa ta da hannu, wata tsohuwa 'yar Inuit ta ce duk wanda ya yanka duwatsun nan ya san nauyin dutse. Ya ce uwar matarsa ta tsaya gaban furannin ta kasa tafiya. "Badamasi ya ce kai ka zauna da kanka ka yanka, kwana goma sha uku. Baba, ban san abin da zan ce ba."

Ashe zargina gaskiya ne, suna waya. Na ce, "Me kuma ya gaya maka?"

"Babu komai. Akwai wani abu ne?"

Na saurari muryar da kyau. Na san yadda Zubairu ke ƙarya tun yana ƙarami, numfashi yake ja kafin ya fara. Bai ja ba. Bai sani ba, kuma babu mai gaya masa. Da na yi shiru, da shi ke nan, na zama uban da ya yanka duwatsu.

Na ce, "Akwai takarda a bangon shagon mai ɗinkin. Bari in karanta maka, na haddace ta." Na karanta masa. Na faɗa masa kalmar. Na ce kuma na san rujm lokacin da na rubuta, ba mantuwa ba ce.

Na cire wayar daga kunne na duba, lambobin mintin suna tafiya, bai kashe ba. Na mayar.

Sai na ji ya juya yana ce wa mutanen ɗakin da Turanci su ɗan rage murya, Baba bai gama magana ba.

Gaskiyarsa. Akwai maganar ranar ukun Mardiya, ban taɓo ta ba tukuna. Na ja kujera na zauna.